Karatun Zane-zane Ko Koyon Sana'a: Wa Ya Kamata Ya Zauna, Wa Ya Kamata Ya Tashi?

Ɗaliban da ke karanta zane-zane daga ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa na jihar Kano ba su da yawa, kuma a cikin 'yan kaɗan ɗin ana ƙara samun masu ajiye karatun ana tsaka da shi. Wani ya koma shagon ɗab'i a Kano ko Zariya yana koyon tsara fastoci a kwamfuta, wani ya nemi gurbi a makarantar koyon kiwon lafiya ta Bebeji, wani ya rungumi noman rani da ruwan madatsar Tiga, wani kuma ya bi 'yan uwansa cinikin shinkafa a Tudun Wada ko na masara a Doguwa. Ra'ayin da ya fi ƙarfi a kan wannan lamari shi ne, barin karatun yana da hujja ga wasu, amma ga mafi yawan waɗanda suka yi nisa kuskure ne, domin makaranta da shago ba kishiyoyin juna ba ne.

Makarantar da ta fi suna a wannan fanni tana kusa da yankin, wato sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Sashen ya girmi jami'ar kanta: an dawo da shi Zariya daga Ibadan a 1955, ita kuwa jami'ar an kafa ta a 1962. A nan ne wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suna kiran a haɗa dabarun da aka koyo daga Turawa da fasahar gida. Yau ana koyar da zanen fenti, sassaƙa, tarihin fasaha da koyar da ita a wannan sashe, sannan akwai wani sashen na daban mai kula da aikin yumɓu, gilashi, saƙa da rini, da tsara zanen ɗab'i. Digiri shekara 4 ne. A Kano kuma akwai difloma ta shekara 2 a kwalejin kimiyya da fasaha, da NCE ta shekara 3 a kwalejojin ilimi.

Dalilan barin karatun ba na wasa ba ne. Na farko kuɗi. Ɗalibin tarihi yana iya aron littafi ya wuce zango, ɗalibin zane kuwa kowane aiki sai ya sayi takarda, fenti, buroshi, ƙyalle ko siminti, kuma yawancin kayan daga waje ake shigo da su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 darajar naira ta kuma faɗi, kuɗin mota da na abinci da na kayan aiki suka tashi tare. Na biyu ɓata lokaci: yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma a irin wannan zaman ne ɗalibi kan fara zuwa shago, ya ɗanɗani kuɗin hannu, komawa aji ta yi masa nauyi.

Na uku shi ne matsayin fannin a idon jama'a. Hanin da ya zo a hadisai game da suranta abu mai rai yana sa iyaye da dama ɗari-ɗari, musamman da sassaƙa gunkin mutum. Abin da ya faru a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, inda gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin fim bayan malamai da jama'a sun nuna adawa, ya nuna yadda duk wani abu da aka raɓa da fasahar zamani ke fuskantar tuhuma. Tambayar da ɗalibi ke sha a gida ba ta canjawa: in ka gama, aikin me za ka yi?

Duk da haka, akwai abin da makaranta ke bayarwa wanda ba a samu a shago. Tana tilasta wa hannu ya yi zane kullum har ya faɗa, tana koya wa ido auna tsayi da faɗi, haske da inuwa, da launin da zai zauna da ɗan uwansa. Tana kuma da al'adar kafa aikin ɗalibi a bango malamai da abokan karatu su yi masa gyara ba sani ba sabo. A shago ba mai wannan lokacin. In mai kaya ya karɓa ya biya, aiki ya yi. Sai kuma takardar shaida, wadda da ita ake koyarwa a firamare da sakandare, inda fasaha da al'adu ke cikin manhaja, da ita ake neman aikin gwamnati ko ƙarin karatu.

Shago shi ma yana da nasa. A can ake koyon yanke farashi, lallashin mai kaya, sarrafa inji, da gama aiki a ranar da aka yi alkawari. Masu goyon bayan barin makaranta sukan kawo misalin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke jikin naira 20, su ce wanne ne ya shiga aji? Sai dai labarin Ladi Kwali bai tsaya nan ba. Ta koyi ginin tukunya a gida, amma a 1954 ta shiga cibiyar koyar da aikin yumɓu da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, inda ta koyi aiki da injin juyi da gashi mai zafi ƙwarai. Haɗuwar horon biyu ce ta kai ta duniya, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Akwai kuma wani rauni a lissafin masu gudu zuwa kwamfuta. Manhajoji irin su CorelDRAW da Photoshop ana iya koyon su cikin 'yan watanni, don haka masu yi sun yi yawa, farashi ya karye, ciniki kuma ya fi tashi lokacin zaɓe ko kakar bukukuwa. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira tana haɗa fasta a waya cikin ɗan lokaci. Abin da ya rage da daraja shi ne sanin abin da ya yi kyau da dalilin kyansa, kuma shi ne ainihin abin da ake barowa a makaranta.

Saboda haka ɗalibai kashi uku ne. Akwai wanda gurbi ne kawai ya kai shi fannin, ba ya zane sai an sa shi. Wannan gara ya tashi tun a shekarar farko, ya nemi kiwon lafiya, noma ko abin da zuciyarsa ke so, tun ran gini tun ran zane. Akwai mai baiwa wanda suranta mai rai ne ya tsaya masa a rai ko a gida. Maganinsa canjin sashe, ba barin makaranta ba: saƙa da rini, yumɓu da zanen ɗab'i duk suna nan. Sai wanda ya wuce rabi, kuɗi ne suka tsaya masa. Shi wannan ya fi kowa asara in ya bari, domin ya biya mafi yawan kuɗin, bai karɓi takarda ba. Gare shi akwai neman izinin ɗage karatu na shekara guda a rubuce, akwai lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, akwai kuma kama aikin shago a hutu da lokacin yajin aiki.

Wanda ya yanke shawarar tashi, kada ya tashi sai ya san inda zai sauka: maigidan da zai koya masa, tsawon zaman, da abin da zai samu ranar yaye. Mai karatun difloma ko NCE kuwa ya daure ya kammala matakin da yake kai, domin da takardar zai iya komawa jami'a daga aji biyu duk ranar da hali ya samu.

Makarantu ma suna da nasu gyaran. Ya kamata su koyar da farashi da neman kasuwa, su kuma tura ɗalibai horon aiki wurin gwanayen da ke kusa: marina da mabuga na Kura, masu zayyanar Alƙur'ani, masu ɗinkin hula da aikin babbar riga, masu adon gini. Buhun shinkafar Tudun Wada yana buƙatar tambari, littattafan firamare na Hausa suna buƙatar hotuna, sababbin gidaje suna buƙatar mai ƙawata su. Ɗalibin da ya fito da hannun makaranta da wayon shago shi zai karɓi waɗannan ayyuka.