Gwanayen Sassabe a Ƙasar Mai'adua

Wanda ya bi hanyar Daura zuwa Mai'adua da bazara, ya zarce har Kwangwalam a bakin iyaka, zai ga gonaki iri biyu. Akwai wadda aka share ƙarƙaf, ba kututture ba toho, sai rairayi da iska ke kwasa. Akwai kuma wadda itatuwa ke tsaye cikinta jefi-jefi, gawo nan, aduwa can, kalgo da sabara a tsakani, kowanne da gindi a gyare da kai a sama. Baƙo zai ɗauka mai gonar farko ya fi ƙwazo. Manomin wannan ƙasa ya san ba haka ba ne. Share gona aikin ƙarfi ne, ko yaro aka ba adda zai yi. Gane abin da za a sare da abin da za a bari, wannan sai gwani, kuma ina ganin bai samu yabon da ya cancanta ba.

Aikin yana farawa ne daga abin da ido ba ya gani. Yawancin 'yan kurmusan da ke tohowa a gona duk shekara ba sabbin tsirrai ba ne. Tsofaffin itatuwa ne da aka sare tun zamanin iyaye, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta yi zurfi ta kai ga danshi. Kowace shekara kututturen yakan fitar da toho goma, ashirin, ko fiye, kowace shekara kuma a sassabe su a tara a cinna wuta. Ƙarfin saiwar yana rarrabuwa tsakanin tohon nan masu yawa, shi ya sa babu wanda ke zama itace. Gwani idan ya zo, sai ya tsuguna ya duba. Ya zaɓi uku zuwa biyar waɗanda suka fi miƙewa da kauri da lafiyar ɓawo, ya cire sauran. Daga ranar abincin da saiwar ke aikowa ya koma na 'yan kaɗan, sai ka ga sun yi tsawon da dashen gandun reno ba zai kamo ba ko ana ba shi ruwa safe da yamma.

A wurin sara ake gane hannu. Adda dole ta kasance da kaifi, domin dakusasshiya farfasa reshe take yi, ta bar rauni mai faɗi da gara da ƙwari za su bi su shiga. Ana saran reshe daga ƙasa zuwa sama. Wanda ya saro daga sama, nauyin reshen zai ja ɓawo ya ɗaye shi har jikin itacen, kuma irin wannan ciwo yakan daɗe bai warke ba. Ba a kuma yi wa ƙaramin itace ƙwal-kwabo. Gwani yana cire rassan ƙasa ne zuwa kamar rabin tsawonsa, ya bar na sama, saboda ganye shi ne ke dafa wa itace abinci. Wanda ya aske shi ya bar ɗan tukku a ƙoli zai samu siririn sanda da iskar farkon damina za ta karya, ko akuya ta tanƙwaro ta cinye kansa. Wasu sukan haɗa tohon da suka bari su ɗaure da igiyar kalgo don su tallafi juna, su jibga ƙayar da suka sare a gindi ta zama shinge. Wasu kuma sukan ɗaura ɗan tsumma a jiki, alamar cewa wannan itace yana da mai shi.

Ba sau ɗaya ake yi a tafi ba. Kututture ba ya daina toho, don haka ana komawa bayan 'yan watanni a cire sabbin da suka fito. Shekara ta zagayo a sare ɗaya daga cikin biyar ɗin a kai gida, uwargida ta samu makamashi, ko a samu dirka ko ƙotar fartanya, a bar wani sabon toho ya maye gurbinsa. A ƙarshe akan bar guda ɗaya ya zama babban itace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu inda maganar ta fi fitowa fili kamar a wajen gawo.

Gawo yana ƙarami ba shi da kyan gani. Yakan baje a ƙasa, ƙaya ko ta ina, ya hana mai noma wucewa, shi ya sa mai gaggawa ke tumɓuke shi. Idan aka bar shi haka, zai iya shekaru yana kurmi. Idan aka zaɓar masa kara ɗaya aka riƙa ɗage masa rassa, sai ya miƙe. Ladan wannan haƙuri babba ne, domin halin gawo ya saɓa wa na sauran itatuwa. Yana zubar da ganye da shigowar damina, daidai lokacin da gero ke son rana, ya kuma yi kore shar da rani, lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Saiwarsa, kamar ta wake da gyaɗa, tana taimakawa wajen jawo sinadarin naitirojin daga iska. Ganyen da ya zuba yana ruɓewa a gindinsa. Dabbobin da suka zo cin 'ya'yansa suna barin kashi a wurin. Kowane manomi ya san geron gindin gawo: karansa ya fi kauri, zangarniyarsa ta fi cika. Ba banza ba tarihin Damagaram ya riƙe cewa Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ya kafa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo.

Babban gawo ma yana da nasa ladabin. Makiyayi yakan hau da barandami ya saro wa dabbobi ganye a tsakiyar rani, kuma wannan ba laifi ba ne in an yi da hankali, wato a rage wani ɓangare a bar wani, kuma kada a dawo wa itace ɗaya shekara bayan shekara. Gawon da aka yi wa sara mai muni yakan rage 'ya'ya na tsawon lokaci, kuma 'ya'yan nan kuɗi ne. A yankin da kasuwar Mai'adua ke cika da shanu da raƙuma da tumaki duk ranar Lahadi, mai buhunan 'ya'yan gawo ba ya rasa mai saye.

Wannan fasaha ta samu suna a duniya daga maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa, ya lura da kututturan nan masu rai. Bayan fari da yunwar 1984 manoma da yawa suka rungumi abin, aka riƙa kiransa sassaben zamani. A Magarya da Matamaye da Mirya, waɗanda ba su da nisa da mu, manoma suka cika gonakinsu da gawo. Masu bincike da suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018 tare da manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo. Sun cancanta. Amma hannayen da suka riƙe addar na talakawan ƙauye ne, kuma barin gawo da kanya da ɗorawa a gona abu ne da kakanninmu suka sani tun kafin a ba shi sabon suna.

Rabin gwanintar ke nan. Ɗaya rabin shi ne ciyar da ƙasa, domin jigawar Daura ƙasa ce mai saurin yunwa, abin da aka zuba mata ruwa ɗaya mai ƙarfi zai iya wanke shi. Gwani ba ya ƙone ganye da ƙananan rassan da ya sassabe. Yakan baza su a wuraren da ƙasa ta yi faƙo, su tare ƙurar hunturu, gara ta ci ta buɗe ƙofofin da ruwa zai bi. Sabara da aka raina ma tana da rawar takawa: bincike a Senegal ya nuna cewa da dare tana jawo danshi daga can ƙasa zuwa sama, geron da ke kusa da ita ya amfana. Bayan kaka akan yi yarjejeniya da Fulani su kafa mashekari a gona, ana matsar da shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Takin gida kuwa, na awaki da tumaki da toka da shara, ana kai shi a mangala ko amalanke a ajiye tsibi-tsibi, sai ruwa ya kusa a baza. Gwani ya san ɗanyen taki yana ƙona shuka, musamman na kaji, don haka yakan bari ya ruɓe.

Takin zamani ya yi tsadar da watsa shi ya zama ɓarna. Masu binciken cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa cikin marfin kwalbar lemo na takin kamfa, kamar giram 6, ya isa rami guda na gero. Sai dai a sa shi a gefe, kada ya taɓa iri. Yuriya kuma sai ƙasa na da laima, a binne ta, in ba haka ba ta bi iska. Gwani yana karanta gonarsa: ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, shuka na jin yunwa, ƙuduji ya yi yawa, ƙasa ta gaji. A nan ne ayyukan biyu ke haɗuwa, domin taki ya fi zama a ƙasar da ke da ruɓaɓɓen ganye da saiwa, ya fi saurin gudu a tsurar rairayi.

Abin da ke karya gwiwar mai wannan aiki shi ne: ya reni itace shekara biyar, wani ya zo da dare ya sare, ko shi kansa ya ji tsoron taɓa abin da ya rena don kada a ce ya karya dokar gandun daji. Nijar ta fitar da doka a 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya farfaɗo da shi. Muna roƙon Gwamnatin Jihar Katsina da Masarautar Daura, tun daga hakimai har dagatai da masu unguwanni, su ba manoman Mai'adua, Zango, Ɓaure da Sandamu irin wannan tabbaci. Kai kuma mai gona, kafin ka cinna wa sassaben bana wuta, zaɓi kututture goma ka gyara su.