Jinjina Ga Mahaya Keken Kasuwa

Idan muku-mukun Disamba ya sauka a Birnin Kudu, mai mota ma sai ya ga rana yake fitowa. Amma 'yan keke daga sallar asuba suke kama hanya. Za ka gan su jere a gefen titin Kano zuwa Maiduguri, rawani ya rufe hanci, leɓe ya tsage, an ɗaure buhun riɗi ko kejin kaji a kariya da igiyar roba. Wasu Babaldu suka nufa, wasu sai kasuwar Sara a ƙasar Gwaram, inda hada-hadar bayan kaka ke tashi kamar jajiberin Sallah.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, tsofaffin Raleigh da Phoenix suka dawo da martabarsu. Kuɗin da mota za ta ci, shi ke zama atamfar uwargida da takalman yara.

Kada mu manta da mai faci a gindin darbejiya, wanda ke tsoma tif cikin ruwan sanyi yana neman inda ke kumfa.

Sannunku da ƙoƙari, bayin Allah. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a guminku.