Nunin Okeke da Nwoko a Mbari, 1961

Cikin shekarar 1961 waɗansu marubuta da masu zane suka kafa wata ƙungiya a Ibadan, suka raɗa mata suna Mbari. Cikinsu akwai Ulli Beier da Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo. Mazauninta wani tsohon gidan abinci ne kusa da kasuwar Dugbe, watau wurin da kowa ke iya leƙawa ba sai da takardar gayyata ba. Nunin zane na farko da aka yi a ɗakin na mutum biyu ne, Uche Okeke da Demas Nwoko, waɗanda a shekarar nan suka gama karatu a Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

An saba ambaton su tare, don su ne kan gaba cikin ƙungiyar ɗalibai masu zane da aka kafa a Zariya a 1958, wadda ta ce lalle ne mai zane ya gama fasahar Turawa da ta gidan ubansa. Amma aikinsu na shekarun nan ya nuna ba hanya ɗaya suka bi ba. Nwoko mai zambo ne. A zanensa na Nijeriya a 1959 ya zaunar da Turawan mulki a gaba, fuskokinsu a yamutse kamar an zare musu laka, 'yan ƙasa masu yi musu hidima kuwa na tsaye a baya cikin duhu. Ba ya lallashin ido, launinsa da nauyi, kamannun mutanensa kuma da gangan ya karkatar da su. Okeke shi ma'abucin layi ne. Ya ɗauki uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya mai da shi harshensa, har a Ana Mmuo, na 1961, siffar mutum ta kusa narkewa, sai layi baƙi yana yawo bisa ja da rawaya. A nan ne manufar Zariya ta tabbata sosai. Nwoko sai daga baya ya kai ga nasa tushen, sa'ad da ya juya ga gumakan yumɓu na Nok.

Akwai abin da ya kamata malaman Arewa su lura da shi. Okeke a Kafancan ya tashi, su duka biyu kuma sun yi shekaru a Zariya. Arewa ta shiga aikinsu, ga almajiran cikin jirgin ƙasa na Nwoko, ga Jumaa na Okeke. Amma ta shiga ne a matsayin abin kallo kawai. Zanen bangon gidajen birnin Zariya, da dagi, da aska takwas ta gaban riga, da sassaƙar ƙwarya, duk suna nan ƙofar kwalejin, ba su zama ginshiƙin salon ko ɗayansu ba. Ba laifinsu ba ne, kowa rijiyar gidansu ya ja. Giɓin ya fito fili ne da Ibrahim El-Salahi na Sudan ya nuna aikinsa a Mbari, inda aka ga yadda ya narka baƙaƙen Larabci suka koma siffofi. Allo da tawada da alƙalamin da ya dogara da su, babu ƙauyen ƙasar Hausa da ba su.

Game da ɗakin kansa, Mbari ta yi abin da gwamnati ba ta yi ba a lokacin, ta sa ɗan kasuwa da ɗalibi da malamin jami'a suka tsaya gaban zane guda. Kuɗin tafiyar da ita kuwa daga wata ƙungiya mai mazauni a Faris ya fito, wadda a 1967 aka tabbatar hukumar leƙen asirin Amurka ce ke ba ta kuɗi a ɓoye. Wannan bai rage darajar zanen Okeke ko na Nwoko ba, sai dai ya nuna ɗakin jama'a ne wanda ba aljihun jama'a ke riƙe da shi ba. A shekarar nan yaƙin basasa ya tashi, 'yan ƙungiyar suka watse, Okigbo ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka.