Tsohuwar Firinta da Sabon CUPS

CUPS shi ne tsarin da yawancin kwamfutoci masu amfani da Linux ke bi wajen aika takarda zuwa firinta, kuma yana cikin manhajojin da aka bar tushensu a buɗe, wato kowa na da damar karanta yadda aka rubuta su, ya gyara, ya rarraba. Michael Sweet ne ya fitar da shi a 1999, kamfanin Apple ya saye shi a 2007, sannan bayan Sweet ya bar Apple a ƙarshen 2019 ragamarsa ta koma hannun ƙungiyar OpenPrinting, wadda ta ƙudurta cewa fitowa ta 3 za ta yi watsi da fayilolin PPD da direbobin da suka dogara da su. PPD fayil ne da kamfanin Adobe ya ƙirƙiro domin sanar da kwamfuta abin da firinta ke iyawa, kamar girman takarda da bugu gaba da baya, direba kuwa manhaja ce da ke juya shafi zuwa sigar da wata firinta takamaimai ke ganewa.

Hujjar masu wannan shawara tana da ƙarfi, domin firintocin zamani suna gabatar da kansu ga kwamfuta ta ƙa'idar IPP Everywhere ba tare da direba ba, kuma raunin tsaron da aka bankaɗo a watan Satumban 2024 ya nuna yadda ɗan kutse zai iya cusa umarni ta hanyar PPD na jabu.

Sai dai nauyin sauyin zai fi faɗa wa masu tsofaffin na'urori, irin waɗanda ke buga wa ɗalibai takardu a shagunan bakin jami'o'in Kano da Zariya. HP LaserJet 1020, alal misali, ba ta san IPP ba, kuma duk lokacin da aka kunna ta sai kwamfuta ta ɗora mata manhajarta ta ciki ta wayar USB kafin ta buga ko da layi ɗaya, amma har yau ana cika mata tona, ana sauya mata diram, tana ciyar da gida. Maganin da OpenPrinting ta kawo shi ne Printer Application, wata manhaja da ke lulluɓe tsohon direba ta nuna shi ga CUPS a matsayin firintar zamani. Dabarar ta yi ma'ana, amma ba ta da amfani ga mai shagon da bai taɓa jin sunanta ba, ga layin kwastomomi a gabansa, ga janareta yana shan mai. Saboda haka wajibi ne masu haɗa nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu da Fedora su dakatar da sauyawa zuwa fitowa ta 3 har sai waɗannan manhajoji sun riƙa zuwa a girke tun farko, suna gane tsohuwar firinta da zarar an jona ta.