Sharhi a kan Binciken Sashen Kwamfuta na Jami'ar Bayero da Hausar Kankia da Kusada

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna wani aiki da ya ɗaga sunan masu nazarin kwamfuta na Jami'ar Bayero ta Kano, mu ga ko Hausar da aka koya wa na'ura a cikinsa ta kai ga bakin mutanen ƙasar Kankia da Kusada, inda muke zuwa duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa.

Tarihin fannin a Arewa gajere ne. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ilmin kwamfuta ya tashi ne a gindin lissafi, shi ya sa cibiyar kwamfuta ta jami'ar take ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1978. A Bayero ma, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, fannin ya daɗe a ƙarƙashin lissafi kafin ya sami tsangaya tasa. Shekaru da yawa sunan irin waɗannan sassa bai wuce na masu yaye ma'aikatan banki da ofisoshin gwamnati ba.

Abin da ya sauya wannan suna shi ne aikin harshe. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da Ibrahim Said Ahmad na Bayero, da Idris Abdulmumin na Zariya, da abokan aikinsu, suka gabatar da NaijaSenti a wani taro a Marsai ta ƙasar Faransa. Sun tara gajerun saƙonni na Twitter, wajen 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Ibo da Yarabanci, da wajen 14,000 a Turancin buroka, aka sa mutum uku su karanta kowane saƙo su ce yabo ne, ko suka, ko kuwa ba ko ɗaya. Da wannan tari ne na'ura take koyon gane ra'ayi. A 2023 aikin ya faɗaɗa ya zama AfriSenti, mai harsunan Afirka 14. Lalle wannan abin yabo ne, musamman da yake sun saki tarin ga kowa ba su kulle shi a akwati ba.

Amma fa akwai magana. Wa yake rubutu a Twitter? Galibi ɗan boko ne na birni, mai wayar zamani da kuɗin data, mai surka Hausa da Turanci, wanda bai damu da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ ba. A ƙauyukan Kusada abin da muke gani shi ne manomi ya danna waya ya aika saƙon murya ta WhatsApp, matarsa kuwa ta kunna rediyo. Ba a rubuta maganarsu, saboda haka na'ura ba ta taɓa cin karo da ita ba. Bakatsinen da yake cewa hwara a madadin fara, ko ɗiya a madadin 'ya, baƙo ne a wurinta.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi, watau kwanduna ukun nan da aka kasa magana a cikinsu. An ɗauko tsarin ne daga binciken Turanci, kuma zancen Bahaushe ba ya shiga cikinsa salin-alin. Alal misali, idan dattijo a kasuwar Kankia ya dubi sa ya ce "ba laifi", ya yaba ƙwarai, sai dai ba ya so mai sa ya tsauwala kuɗi. Idan aka tambayi mai jinya jikin mara lafiya ya ce "da sauƙi", yana iya yiwuwa an fid da rai. Uwa ta ce wa yaron da ya fasa tulu "ka kyauta", kowa ya san gatse ne. A wane kwando za a jefa habaicin kishiya, wanda ba a ambaci suna ba, kalmominsa kuma duk masu daɗi ne? Mun gwada wa ɗalibanmu irin waɗannan jimloli a aji, ba tare da mun gaya musu wanda ya faɗa da inda aka faɗa ba, sai gardama ta kaure. In mutum uku sun saɓa aka bi rinjaye, to an binne saɓanin, alhali a cikinsa ne ilmin yake.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. Irin waɗannan na'urori ake so a ɗora wa aikin tace kalaman ƙiyayya lokacin zaɓe, da auna yadda jama'a suka karɓi saƙon rigakafi. Wadda ta ɗauki gatse a matsayin yabo za ta kai wa hukuma rahoton cewa gari lafiya.

Sa'an nan sakamakon duka da Turanci aka buga shi, malamin Hausa na sakandare ba shi da hanyar duba shi. A harabar Bayero ɗin nan ne Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, kuma masana karin harshe ba su yi ƙaranci a can ba. Shawararmu ita ce zagaye na gaba ya fara da naɗar murya, da izinin masu ita, a sa masanan nan su tsara rabe-raben tun farko. Kwalejojin ilmi kuwa suna tura ɗalibai ƙauyukan nan kowace shekara su zauna makonni, kuma mafi yawansu suna da wayar da za ta iya naɗa.