Murfin mita biyu a kan tan miliyan 20: gyaran Akokan ya fi kallon sama

Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK da ke Akokan, dab da Arlit a jihar Agadas. Tun 1978 ake haƙa a wurin. Yuraniyom ɗin ya tafi ƙasashen waje, dusar kuwa tana nan: kimanin tan miliyan 20 na niƙaƙƙen dutse da aka jiƙa da asid, tsibi guda a fili mai kusan hekta 120.

Shirin gyaran da Orano, kamfanin Faransa mai kaso mafi girma a mahaƙar, ya gabatar shi ne a lulluɓe tsibin da mita 2 na laka da dutse, a gama wajen 2033, sannan a sa ido na aƙalla shekara 5.

Murfin yana da amfani, kada ka ji an ce aikin banza ne. Iskar radon da ke fita daga dusar rabinta na mutuwa cikin kwana huɗu ba kaɗan, don haka idan laka ta tsare ta a hanya, yawancinta ba ya kaiwa hancin kowa. Ƙura ma ta daina tashi. To amma murfi sama yake karewa, mutanen Arlit kuwa daga ƙasa suke sha.

In kana Matsinkai ko wani gari na Bagudo, rijiyarka tana da mai cika ta: damina ta zo, Kwara ta yi ambaliya, ruwa ya sabunta. A Arlit ba haka ba ne. Ruwan da ke ƙarƙashinsu tsohon ajiya ne, ya taru tun zamanin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna, kuma ɗan ruwan saman da ake samu yanzu bai isa ya mayar da abin da aka ɗiba ba. Gurɓata irin wannan ruwa kamar zuba kananzir ne a randar da ba a sake cikawa. Yuraniyom kuma, in ya haɗu da iskar oksijin da sinadarin kabonet, narkewa yake ya bi ruwa sannu a hankali ta ƙofofin dutsen yashi. Ba shi da launi, ba wari, tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa kauri. Ƙoda yake fara taɓawa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 30 a lita. Tun 2010 Greenpeace da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa suka ce huɗu cikin samfuran ruwa biyar da suka ɗiba a yankin sun haura iyakar hukumar ta lokacin. Biyar ba yawa ba ne, gaskiya, kuma kamfanin ya musanta. Maganin ƙaramin samfuri ai shi ne a ɗebi ɗaruruwa, wani mai zaman kansa ya auna, a buga kowa ya gani.

Inda shirin ya fi ba ni mamaki shi ne lissafin lokaci. Cire yuraniyom ba ya cire 'ya'yansa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na tururin dutsen na asali yana cikin dusar. Radiyom-226 na buƙatar shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, toriyom-230 kuma wajen 75,000. Ka ɗora shekara 5 a gefen wannan. Ko an ninka ta sau goma, me ta rage?

Tsare gurɓataccen ruwan ƙasa aiki ne na famfo: a zuƙe shi kafin ya yaɗu, a riƙa auna rijiyoyin gwaji. Famfo na son wuta, kuɗi da ma'aikaci. Tun juyin mulkin Yuli 2023 dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Orano, har gwamnati ta ƙwace SOMAÏR, ɗaya mahaƙar ta Arlit, a 2025. Ƙwace mahaƙar da ke kawo kuɗi abu ne mai daɗin shela a rediyo. Tsibin Akokan ba ya kawo ko dala, ci kawai yake, kuma shi ne ke buƙatar asusun da ba ya hannun kamfani ko na sojan da ke mulki, da sakamakon gwajin rijiyoyi a manne a ƙofar magajin garin Arlit, da Hausa da Tamashek.