Jinjina ga Direbobin Tashar Jambutu

Tun kafin gari ya waye a Jimeta, direbobin tashar Jambutu sun duba mai da ruwa da tayoyi, 'yan kamasho na ta kiran Gombe, Bauchi, Kano. Fasinja hankalinsa na can inda za shi. Direba kuwa hanyar ce gonarsa, kuma albarkacinsa mu ma muke samun sukunin kallonta.

Shi ya san kowane rami da kowace kwana bayan Ngurore. Ya san ya sassauta gudu a gadar Numan, kusa da mahaɗar Gongola da Binuwai, har ka hango masunta cikin kwalekwalensu suna jefa birgi. Daga nan sai gonakin raken Savannah, sai duwatsun Cham da Kaltungo, waɗanda da damina sukan yi kore shar. In lokacin salla ya yi, ya san garin da ke da inuwa da ruwan alwala, da mai abincin da tuwonta ba ya kwana. A irin wannan tsayawar ce Bafulatani ke miƙa wa ɗan Bachama goro, tsohuwa ta ce, "Direba, Allah ya yi maka albarka," shi kuma ya amsa, "Amin, Mama."

Jirgin sama kan kai mutum Abuja daga Yola cikin kimanin awa guda, amma ba ya nuna masa ko ɗaya cikin waɗannan. Direbobin nan bayin Allah, da ciwon baya da ƙarancin barci, su ke riƙe da amanar rayukan mutanen da ko sunansu ba su sani ba, har su sauke kowa lafiya, su kuma su kwana a tasha nesa da iyalansu.